Buhu Ashirin, Turmi Ɗaya

Laraba: Hunkuyi zuwa Makarfi

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka bar Hunkuyi, ana sallame salla ko addu'a ban tsaya an shafa ba. A shekarar nan ce da ƙasa ta rikice, 'yan'uwanmu da suka daɗe suna fatauci a kudu suka riƙa dawowa a jirgin ƙasa, wasu daga su sai rigar wuyansu. Labari ya iso mana cewa an tara waɗansu kusa da Kurmin Kogi, a ƙasar Ikara. Asalinsu can ne, amma sun daɗe rabon su da gida har ba su san ƙofar da za su nufa ba. Babu hukumar da ta ɗauki nauyinsu tukuna, 'yan sa kai ne kawai na gari suke ta fama, su ne suka aiko a taimaka da abinci.

Ni a lokacin malamin yaƙi da jahilci ne, ga ƙuruciya ga rawar kai. Kwana uku na yi ina bin masallatai da zauruka, har muka tara buhu goma sha huɗu na gero da dawa, aka ce ni zan raka kayan. Da ka gan ni ranar a gaban mota, hula a karkace, sai ka rantse ni na noma hatsin. Direbanmu Ɗan'azumi, mai wata tsohuwar mota bodin katako, ya ce ba zai karɓi ko kwabo ba, a zuba masa mai kawai.

Saura kamar mil biyu mu shiga Makarfi muka tarar da shinge, gora ce aka gitta a kan ganguna biyu. Wani ɗan doka ya leƙo.

"Me kuka ɗauko?"

"Abincin 'yan gudun hijira," na ce, da murya irin ta manya.

Ya soka hannu a buhu ɗaya, ya jefa tsaba biyu a baki, ya ce, "Allah ya ba da lada. Ɗaga musu!"

Ƙarfe bakwai da minti goma muna Makarfi, mil ashirin ke nan daga gida, ga shi ranar kasuwa ce. Muka sha koko da ƙosai na taro, na sayi rake na kwabo biyu. Ina cikin shan raken na hau ba masu awo labarin inda za mu, ina ƙara gishiri. Kafin na gama sanda ɗaya sun haɗa mana buhu huɗu. Murna kamar in taka rawa a tsakiyar kasuwa.

Gazara, Ikara, Kurmin Kogi

A Gazara wani dattijo ya tsayar da mu da sandarsa, ya ce labarinmu ya riga mu zuwa, ya sa aka ɗora buhu biyu. Ashirin cif. Daga nan hanya ta fara nuna mana hali, don damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba. A wata fadama motar ta kafe har gindi, muka yi awa ɗaya da rabi muna cusa kara da duwatsu, manoma suka bar yankan gero suka zo suka tura. Farar rigata ta koma ja. Muka yi azahar a Ikara, ƙarfe biyu da rabi muka isa sansanin.

A filin fuloti aka sauke su, wato inda ake awon auduga idan lokacinta ya yi. Mai kula da wurin wani tsohon soja ne, Malam Haruna, dogo, marar yawan magana. Ya zaga da ni, kuma gaskiya ya burge ni. Bukkokin zana a jere, mata da yara gabas, maza yamma. An haƙa masai can nesa da rijiya, an sa mutum biyu tsaron rijiyar kada a jefa guga mai datti. Akwai masu itace, akwai masu ɗebo ruwa, akwai wani mai keke da yake yawo ƙauyuka yana cigiyar dangin mutane. Duk babu mai albashi a cikinsu. Mutanen sun haura ɗari biyu.

Aka fara sauke buhuna, maza na ta kabbara, ni kuma ina tsaye ina karɓar godiya da hannu bibbiyu. Sai ga wata tsohuwa ta ratso taron, gajera, ta ɗaure ƙugu da gyale. Aka ce Iya Tabawa ce, cikin waɗanda suka dawo take, ita ke riƙe da madafa. Ta kwance bakin buhu ɗaya, ta duba. Ta kwance na biyu, ta kwance na uku. Ta juyo ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Kai ne ka kawo?"

"Ni ne, Iya. Sannu da aiki."

"Yawwa, sannunka. To, ɗan nan, kaji aka ce maka mu?"

Ta kama hannun rigata ta ja ni bayan madafa, ta nuna mini wani ɗan turmi, gefensa a tsage an ɗaure da igiya.

"Ka gan shi? Shi kaɗai gare mu, shi ma aro ne. Wanda ya gudo da ransa turmi zai ɗauko? Kowa ya tashi taimako sai ya turo tsaba. Ku maza kun ɗauka daga rumbu tuwo yake fitowa da malmalarsa. Kwana biyu ke nan dawa muke dafawa ɗungurungum muna ba mutane, yara duk cikinsu ya ɓaci."

Daga nan ta kai ni bakin wata bukka, ta ɗaga asabari. Surukarta ce a ciki, Hajo, matar ɗanta, wadda ta haihu a hanya kwana biyar da suka wuce. Mijin kuwa har ranar ba a san inda yake ba. Jaririyar na kwance a cinyarta, tana buɗe baki tana kuka amma da ƙyar ake jin muryar.

"Nono ya ƙi kawowa," in ji Iya Tabawa. "Mai jego kunun kanwa take so, mai zafi, safe da rana da yamma, da tuwo mai laushi. Ɗan garin da turmin nan yake fitarwa, kafin in juya yara sittin sun kewaye ni. In aka ƙara kwana biyu a haka, yarinyar nan ba za a yi sunanta ba."

Wallahi duk fankamar da na taho da ita ta zube. Shekarata ashirin da bakwai ina cin tuwo, ban taɓa tsayawa na tambayi hanyar da yake bi kafin ya iso akushi ba. Malam Haruna ma ya sunkuyar da kai, don shi ya aika a kawo abinci, bai ce gari ba.

Muka hau shawara irin tamu ta maza. Ɗan'azumi ya ce a kai inji Zariya. Iya ta ce ko injin ai sai an surfa, kuma zuwa da dawowa a wannan hanya kwana nawa ne? Na ce a sayo turame. Aka ce masassaƙin da ke kusa guda biyu ne a ƙasa gare shi, sule huɗu huɗu, sauran sai ya sare itace. Ta bar mu muka gama zubarmu, sannan ta ce:

"Garin nan akwai gidan da babu turmi? Matan suna kulle, ba za su fito fili ba, na sani. To, hatsin ma kulle yake yi?"

Muka dubi juna. Malam Haruna ya yi dariya, karo na farko tun zuwana, ya ce mu tashi sai gidan dagaci. Muka roƙi a bar mu mu kai hatsin gida-gida mata su daka. Dagaci ya saurare mu, ya ce, "Wannan ai ba maganata ba ce, ta cikin gida ce." Ya shiga, bai daɗe ba ya fito ya ce uwargida ta ce a kawo, kuma ta aika wa sauran gidaje. Sharaɗinsu ɗaya, kowace mace dusar tata ce, ta ba awakinta. Kafin la'asar sakaliya an ɗebi tiya biyu ta gero an kai gidan dagacin, don a fara fitar da na mai jego. A zaurensa aka sauke mu, aka kawo mana fura da nono.

Alhamis: ranar daka

Ƙarfe shida muka fara rabo. Iya Tabawa na bakin buhu tana awo, tiya uku kowane gida, mu kuma muna ɗauka. Ni malam guda, ga ni da ƙwarya a ka ina bin lungu ina kwaɗa sallama. Tsofaffin mata ne suke fitowa zaure su karɓa, kuma babu wadda ta bar ni na tafi salin alin.

"A'a, malam, yau talla ake? Nawa nawa?"

"Riƙe da kyau, ango, kada ka zubar mana!"

Wata ta ce tafiyata da ƙwarya kamar ta agwagwa. Ban ji haushi ba, dariya na yi ta yi, don na san na ci a yi mini fiye da haka. Gida arba'in da ɗaya muka kai wa, har da rugar Fulani biyu da ke bayan gari.

Wajen ƙarfe bakwai da rabi aka fara. Daga gabas na fara jin turmi ɗaya, sai wani ya amsa daga yamma, kafin ka ce me gari duk ya ɗauka. Ban taɓa jin abu irin wannan ba. Ƙasa har motsi take yi a tafin ƙafa. Can sai 'yan matan wani gida suka sako lugude, suna jefa taɓarya sama suna tafi, maƙwabta suka karɓa, abin ya zama gasa tsakanin unguwa da unguwa. A sansani matan da suka kwana biyar ba su yi murmushi ba suka fito bakin bukkoki suna saurare, wata ta rangaɗa guɗa. Ni dai na tsaya a tsakiyar hanya da ƙwarya a ka ina washe baki kamar wawa.

A ranar na koyi karatun da ban taɓa koyarwa ba. A surfa, a bakace, a wanke, a baza ya sha iska, a daka, a tankaɗe, a mayar da tsakin turmi a sake dakawa. Da azahar ƙore suka fara dawowa cike da gari, an rufe da faifai. Wasu sun ɗoro kuka da daddawa a kai, wata ta ƙullo kanwa da citta da masoro a tsumma ta ce na mai jego ne, wata ta aiko da tsohon zane na goyo. Da la'asar tukwane shida suna kan murhu. Na ga wani yaro ya cinye malmala guda, ya kwanta a wurin da hannunsa a cikin kwano, barci ya kwashe shi.

Malam Haruna bai bar abin ya tsaya a murnar yini ɗaya ba. Ya raba gidajen kashi uku, kowane kashi ya yi daka ranarsa ya huta kwana biyu, don kada a gajiyar da mutane ga aikin kaka. Turamen nan biyu ma aka sayo, matan sansani suka samu na hannunsu.

Hajo ta sha kunu sau huɗu a ranar, an yi mata wankan jego da ruwan zafi. Amma da na tambaya da yamma, Iya Tabawa ta girgiza kai. Nono bai zo ba. Da ɗan tsumma take ɗiga wa jaririyar madarar akuya a baki.

Juma'a: komawa gida

Ɗan'azumi yana da lodi da ke jiran sa, dole muka juya. Ƙarfe shida da rabi na je sallama. Iya ta ce har yanzu shiru, sai dai Hajo ta ce tana jin ƙirjinta ya yi nauyi. Na ce Allah ya raya, ta ce amin, ta ƙara da cewa, "In ka je, ka gaya wa mutanenku abin da ka gani." Mota babu kaya, fadamar nan ba ta riƙe mu ba. Muka yi Juma'a a Makarfi, ƙarfe biyar saura muna Hunkuyi lafiya lau. Duk hanya ban sha rake ba, ban yi surutu ba, hankalina yana bukkar nan.

Da magariba matata Rabi ta ajiye mini tuwo. Na buɗe akushi na tsaya ina kallo, na ce, "Wannan tun yaushe kika fara shi?"

Ta ce, "Tun da hantsi mana, kamar kullum. Lafiya?"

Na ce, "Sannu da aiki, Rabi. Allah ya saka da alheri."

Ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi na kwaso a hanya.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, sannan ga mutanen Hunkuyi da Makarfi da Gazara da suka ba da hatsi, da Malam Haruna da jama'arsa. Amma mafi girmanta ta matan Kurmin Kogi ce, waɗanda ban ga fuskar ko ɗaya ba sai tsofaffinsu. Lodi na biyu da muka aika gari ne, matan unguwarmu suka daka, Ɗan'azumi ya kai. Kwana shida ina zuwa tasha ina dawowa. Ran na bakwai ina zaune a bakin kasuwa sai ga motarsa, tun bai tsaya ba ya zuro kai ta taga yana ihu, mutane na waiwaye:

"Malam! Iya Tabawa ta ce a gaya maka nono ya kawo! An yi suna, Amina! Ta ce yarinya ta sha har ta yi mata tumbuɗi a zane!"

Na tashi zan amsa masa. Sai na koma na zauna, na ja hula na rufe fuska.