Dankalin Eilif da Kunnen Ɓera

A duk gaɓar tekun arewacin Norway ba a taɓa yin mutumin da ya san ƙasa da shuka kamar Eilif Moen ba. Haka fasto ya faɗa ranar jana'izarsa, kuma babu wanda ya musa, da yake ba a musu a coci. Gonar da ake magana a kanta kuwa wani ɗan fili ne a bayan gidansa, wanda in aka kife kwale-kwale biyu a kai an rufe shi ruf.

Eilif ya ƙare ƙuruciyarsa da ƙarfinsa a jirgin fito, yana kai mutane da motoci tsallaken ruwa yana dawowa da wasu. Bai yi aure ba. Abin da mahaifinsa ya bar masa shi ne gidan, da filin, da wani irin dankali mai shuɗin ɓawo wanda babu shi a kanti, babu shi a hannun kowa. Kakansa ne ya zo da shi daga can cikin ƙasa a aljihun kwat. Irin dankali kuwa ba ya jira. Shekara ɗaya in ta wuce ba ka samu na ajiyewa ba, shi ke nan, ya tafi. Don haka kowace kaka Eilif yakan ware masu kyau kafin ya ci ko ɗaya, ya sauka da su ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ƙarshen hunturu ya jera su cikin kwalin ƙwai a bakin taga su fara tsiro. Takinsa ciyawar teku ce, yakan kwaso ta a baro. Yana shuka karas da kabeji a gefe, amma baƙi yake kiransu.

Tare da dankalin aka bar masa doka guda: ba a sa iri a ƙasa sai ganyen bishiyar biyok ya kai girman kunnen ɓera. Dukanmu mun san maganar, yawancinmu mun mayar da ita abin faɗa wa jikoki. Eilif bai mayar ba. Kuma ba kowace biyok yake dubawa ba, sai wadda ke tsaye bayan makaranta, wadda ubansa da kakansa suka duba. Da bazara ta kama, kullum da safe yakan taka can, ya jawo reshe, ya duba, ya sake shi, ya koma gida. Shekara da shekaru bishiyar ba ta yi masa ƙarya ba.

Sai ta fara gaggawa. Wata bazara ta fitar da ganye tun duwatsu suna fari fat da dusar ƙanƙara. Eilif ya shuka. Dankalin ya fito kore shar, sannan raɓar ƙanƙara ta sauka, gari ya waye ganyen ya yi baƙi kamar an babbaka shi. Dankali yakan sake tohowa, amma lokacin ɗuminmu gajere ne, ba ya yafe wa wanda ya fara sau biyu. Abin da ya tona bai kai rabin na kullum ba. Shekara ta zagayo aka maimaita, ta sake zagayowa aka maimaita. Eilif ya daina cin dankalinsa, ya koma sayen na kanti yana ɓoye ledar a cikin kwat. Duk da haka irin da ya rage bai rufe gindin bokiti ba.

Maƙwabciyarsa Borghild, wadda mijinta ya rasu a teku tun da daɗewa, ita da hasashen yanayi na rediyo take shuka. Ranar da ta gan shi ya fito da shebur da bokitin, sai ta jingina da shinge.

"Kai Eilif, wannan ɓeran naka dai ya cika azarɓaɓi. Ɗaga kai ka dubi dutse mana."

"Dutse ba ya shuka dankali."

"Rediyo ya ce sanyi na dawowa."

"Rediyon ya taɓa riƙe shebur? In ya taɓa, turo shi ya taya ni."

"Tsohon banza mai taurin kai. Ba ni rabi in sa a wajena idan ƙasa ta yi ɗumi. In naka ya yi, in dawo maka da su har da riba. In bai yi ba, ka ga ba a rasa duka ba."

"Dankalin kakana ya kwana a gidan bazawara? Me mutane za su ce?"

"Waɗanne mutane? Duk wanda ya rage a ƙauyen nan kurma ne."

Ya yi dariya, abin da ba kasafai yake yi ba. Har ya ɗauki bokitin ya nufo shingen. Borghild ta ce ta miƙa hannu ke nan sai ya tsaya, ya daɗe yana kallon cikin bokitin.

"Borghild, in na raba su, na ce wa Baba ƙarya ya koya mini ke nan."

"Babanka ya mutu, Eilif. Ba zai ji ba."

"Ni zan ji."

Ya shuka su duka a ranar. Da sanyin ya dawo ya lulluɓe kunyoyin da tsofaffin barguna, da labulen ɗakinsa, har da kwat ɗinsa ta zuwa coci. Borghild ta jefo masa zannuwan gado ta kan shinge. Bai isa ba. Da kaka ya tona, abin da ya samu 'yan ƙwayoyi ne kamar ƙwan tsuntsu, tafin hannu ɗaya ya ɗauke su. Ya share musu ƙasa a hankali, ya sauka da su ɗakin ƙasa kamar yadda ya saba. Ya gaya wa Borghild cewa ƙanana sun fi ƙarfin rai. Ta ce haka ne.

Ya rasu cikin duhun hunturu, lokacin da rana ba ta fitowa sam a wajenmu, kafin ta dawo mana. Borghild ce ta sauka ɗakin ƙasan bayan an binne shi, da niyyar ta shuka abin da ya bari ko yana so ko ba ya so. Ta tarar sun yamushe, sun yi laushi, babu ido ko ɗaya mai rai. Ta zauna a kan matakala har ƙafafunta suka yi sanyi.

Wajen ƙarshen hunturun, tana hanyar kanti, ta bi ta bayan makaranta. Dusar ƙanƙara ta kai gwiwa a ko'ina, amma gindin biyok ɗin ƙasa ce baƙa, jiƙaƙƙiya, har wata 'yar ciyawa ta leƙo. Mai kula da ginin makarantar yana share ƙofa, ta kira shi.

"Yaro, wa ke share gindin bishiyar nan?"

"Babu kowa, Inna. Ai nan dusar ƙanƙara ba ta kwana."

"Don me?"

Ya nuna da tsintsiya, daga ɗakin tukunyar ɗumama makaranta zuwa sabon wurin ninkaya na yara. Bututun ruwan zafi ne ya bi ta ƙarƙashin saiwar. Shekara huɗu ke nan da binne bututun, daidai lokacin da bishiyar ta fara gaggawa.