Kira Na Uku

Yayata ba ta iya zama ba. Tun muna yara haka take, ko abinci a tsaye take ci, in an matsa mata ta zauna sai ta ɗosana a bakin kujera kamar mai jiran a kira sunanta a asibiti. Shekara goma sha tara ke nan tana aiki a makarantar koyon aikin lauya, wata makarantar kuɗi mai bene hawa biyar a tsakiyar gari, kuma duk shekarun nan kujerar ofishinta ba ta tsufa ba. Wayar tebur ce ta sha wahala. Sau huɗu ana canza mata igiya, don Yaya tana magana tana zagaya ɗaki, tana jan ta daga taga zuwa ƙofa.

Ni kuwa shagona na tsallaken titi, daidai ƙofar makarantar. Kwafin takardu nake yi da ɗinke littattafan bincike na 'yan shekarar ƙarshe, saboda haka babu ɗalibin da ya shiga gidan nan ban taɓa takardunsa ba. Ina ganinsu lokacin neman shiga, uba a baya yana tambaya ko hatimi ya fito sosai. A shekara ta biyu sun rame, ido ya faɗa, suna roƙona in kwafa musu babi uku na dokar kwangila kafin ƙarfe goma. Ranar kotun gwaji kuma sai su aro baƙar riga da ta fi ƙarfinsu, su tsaya a gaban shagona suna "ya mai shari'a" da sandar wutar lantarki. In sun gama sun tafi, daga nan sun zama na Yaya.

Aikinta shi ne, wata tara bayan an yaye ɗalibai, ta bi su ɗaya bayan ɗaya a waya ta ji inda rayuwa ta kai su. Kowa da takardarsa, a jikin takardar akwai gida huɗu: yana aikin lauya, yana wani aiki daban, yana neman aiki, sai na huɗu, ba a same shi ba. Daga takardun nan ake fitar da lambar da ake bugawa a ƙaton ƙyallen da ake ratayawa a jikin bene lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai, wai kashi kaza cikin ɗari na ɗalibanmu sun sami aiki. Iyaye su tsaya a titi su ɗaga kai su karanta, su tsallako shagona su kwafi takardun 'ya'yansu.

Ƙa'idar ofis ɗin, kira uku ne, a ranaku uku daban-daban, da wayar ofis. Abin da ɗalibi ya faɗa da bakinsa shi ake rubutawa, ba abin da aka ji a gari ba. In bai ɗauka ba har sau uku ya faɗa gida na huɗu, gida na huɗu kuwa ba ya shiga cikin lambar ƙyalle. Kun ga wayon? Wanda ya sami aiki, wayar ba ta gama ƙarar farko ba ya ɗauka, har da gaya maka hawa na nawa ofishinsa yake. Wanda bai samu ba ya san lambar makaranta sarai, sai ya bar ta ta yi ta kuka a aljihu. Shi ya rufa wa kansa asiri, makaranta ta rabu da shi salin-alin, ƙyalle ya yi kyau. Illar ita ce, 'yan gida na uku kaɗai ake tura sunayensu ga ofisoshin lauyoyi masu neman ma'aikata. Ɗan gida na huɗu ba mai sake tunawa da shi.

Yaya ta tsani gida na huɗu kamar me. Ba ta taɓa yin kira na huɗu ba, ba ta karya ƙa'ida, amma kira na uku tattalinsa take yi. Sai ta tuna halin ɗalibin tun yana makaranta, mai makara ne ko mai sammako, ta kira shi daidai lokacin da zai ɗauka bai duba lamba ba. Mataimakin shugaban makarantar, wanda ma'aikata ke kira Kashi-Cikin-Ɗari a bayan idonsa, ya taɓa ce mata, "Malama, wanda ba ya so a same shi, a ƙyale shi mana."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, shi yana so. Kunya ce ta hana shi."

To bana, a cikin takardun da aka ajiye mata a tebur, akwai ta ɗanta.

Shi kaɗai ne ɗanta namiji, Barista muke ce masa tun yana shekarar farko, da tsokana, har sunan ya bi shi. Sau biyu ya nemi shiga makarantar. Karon farko ya ci jarrabawar rubutu, a tambayoyin baka bakinsa ya mutu, aka mayar da shi. Na ce wa Yaya, ke da kike cikin gidan, ki hau sama ki yi magana mana. Ta ƙi. Sati biyu ban shiga gidanta ba don haushi. Shekarar da ta biyo ya shiga da ƙafarsa. Yana shekara ta biyu babansa ya rasu, bai bar karatu ba, ya gama a tsakiyar aji, ba na gaba ba, ba na baya ba, ya kuma ci jarrabawar zama lauya. Wata biyar da suka wuce ya fara fita ƙarfe bakwai na safe cikin kwat da baƙin takalmi, ya ce wani ofishin lauyoyi kusa da kotu ya ɗauke shi gwaji. Muka yi murna. Ni har biro mai tsada na sai masa.

Rannan katin shaidata ya ɓace, na je kotu yin takardar rantsuwa. Ina jiran magatakarda, ƙafa ta ƙi tsayuwa wuri ɗaya, na leƙa wani ɗakin shari'a. Can a bencin baya, na 'yan kallo, ga Barista yana ta rubutu da birona. Na ce wa masinjan da ke bakin ƙofa, da alfaharina, "Wancan ɗanmu ne, ya rako maigidansa."

Masinja ya dube ni. "Wane maigida? Wannan kullum yana nan shi kaɗai, daga safe har a tashi. Mu mun ɗauka ɗan jarida ne."

Barista kuma a daidai lokacin ya ɗago muka haɗa ido. Ya fito ya ja ni ƙarshen baranda.

"Inna, don girman Allah kar ki gaya wa Umma."

"Wata biyar? Wata biyar kana goge riga kana zuwa kallon shari'ar mutane?"

Ya ce ofis arba'in da ɗaya ya kai wa takarda. Uku ne suka kira shi, ukun duka suka ce ya dawo in ya yi shekara biyu yana aiki. "A ina zan yi shekara biyun, Inna? Nan ne kaɗai mai kwat zai wuni a zaune ba wanda zai tambaye shi me yake yi. Kuma ina koyo." Ya nuna mini littafin, ya cika shi taf da ƙananan rubutu. Na so in zage shi, tausayi ya hana ni. Na yi masa alkawari, ni da bakina ba ya riƙe magana ko ta kwana ɗaya.

Sati biyu ina fama da alkawarin nan, sai lokacin kira ya zo. Ranar Litinin Yaya ta kira shi da wayar ofis, bai ɗauka ba. Ranar Laraba ta sake, bai ɗauka ba. Da yamma su zauna a falo ɗaya, ya ce mata sannu da aiki, ta ce masa sannu da aiki, ba mai tayar da zancen. Rashin zamanta ya ninka. Ta wanke kwanukan da aka riga aka wanke, ta juya kujerun falo, ta mayar da su yadda suke. A rana sai ta tsallako shagona sau biyar, ta ɗauki almakashi ta ajiye, ta gyara mini takardun da ban ce ta gyara ba, ta koma. Ranar Juma'a ƙarfe huɗu za a kai takardu sama, saura kira ɗaya.

Ranar Alhamis na gaji. Na ce, "Yaya, kina hana ni aiki. Mutumin da kuke kwana gida ɗaya, ki tambaye shi a gida mana."

"A gida ni uwarsa ce. Abin da uwa ke son ji zai faɗa mini."

"To ki sa masa gida na farko. Ai ya ce yana aiki."

"Uwarsa ya faɗa wa. Bai faɗa wa makaranta ba."

Na tsaya ina kallonta, injin kwafi na ta fitar da takarda ban kula ba. Na ce, "Kin sani ke nan."

Ta ce, "Auta, shekara goma sha tara ina jin muryar masu aiki. Mai aiki yana dawowa gida yana zagin maigidansa. Wata biyar yaron nan bai zagi kowa ba."

Sannan ta gaya mini abin da ya hana ta barci. Kashi-Cikin-Ɗari ya leƙo ofishinta da safe, da murmushinsa, ya ce ya duba, lambar bana na kan casa'in daidai, mutum ɗaya ya ƙaru a gida na uku ta sauko tamanin da tara. Ya ce ya san abin da nauyi, in yaron bai ɗauka ba ta bi ƙa'ida kawai, ba mai ganin laifinta. "Kuma gaskiyarsa ce," in ji Yaya. "In bai ɗauka ba gida na huɗu zan sa shi. In sa hannu in ce ɗan da na haifa ban same shi ba, a tura sunayen 'ya'yan mutane a bar nasa. Gobe ƙarfe uku zan yi kira na uku."

Juma'a da azahar na rufe shago, ɗalibai biyu na bina suna magiya na ce su je su dawo. Na je kotu, na sami Barista a bencinsa na yafito shi.

"Ban gaya mata ba, kar ka kalle ni haka. Amma ƙarfe uku za a kira ka. Ka fito daga ɗakin nan ka kunna wayarka."

"Inna, me zan ce mata?"

"Ba ita za ta kira ba, makaranta ce. Kai da ka wuni kana jin mutane na rantsuwa za su faɗi gaskiya, tambaya huɗu za ta gagare ka?"

Ya tsaya yana kallon takalminsa. Na baro shi raina a ɓace, duk hanya ina faɗa da direban mota a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Uku saura na hau ofishin Yaya, hawa na biyu, ƙarshen baranda. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, kabad biyu na ƙarfe, fanka mai ƙara, tebur da takarda ɗaya tak a kai. Ba ta tambaye ni me ya kawo ni ba. Ta je taga, ta dawo, ta gyara biro, ta duba agogo. Uku na bugawa ta ɗauki kan waya ta danna lambar da ka.

Tsohuwar waya ce, na kusa na jin komai. Ta yi ƙara ɗaya, biyu, uku. Yaya na naɗe igiyar a yatsa har kan yatsan ya yi fari. Ƙara ta biyar aka ɗauka.

Ta yi sallama da muryar ofis, wadda ban taɓa jin ta yi wa ɗan gida ba. "Daga ofishin tsofaffin ɗalibai nake kira. Da wanda ya kammala bara nake magana?"

"Umma..."

"Malam, tambaya huɗu ce, ba zan ɓata maka lokaci ba. A halin yanzu kana aikin lauya?"

Ina jin ƙarar motoci ta wajensa.

"A'a."

"Kana wani aiki daban?"

"A'a."

"Kana nema?"

"Ina nema. Wata tara ina nema."

Ta sunkuya ta sa alama a gida na uku. "Ka yarda a tura sunanka ga ofisoshin da ke neman ma'aikata?"

"Na yarda."

"Mun gode. Makaranta na yi maka fatan alheri."

Ta ajiye kan wayar a hankali, ta sa hannu a ƙasan takardar, ta rubuta kwanan wata, ta ɗora ta a kan sauran da ke cikin kabad. Sannan ta ja kujerar nan ta zauna, zama na sosai, har da jingina. Ni da na zo da shirin surutu, sai ga ni ina share hawaye da gefen mayafi.

Ta buɗe jakarta ta ciro wayarta ta hannu ta kira. Wannan karon ƙara ɗaya ya ɗauka.

"Kana ina?" ta ce, muryar ta karye. "To ka taho gida. Ka zo ka cire takalman nan, tun ranar da ka saye su na ga sun matse ka."