Ɗorawar Gwaggo Rakiya

Gidan gonar nan na bakin tafki, a hanyar Yankara, ya fi zanen aro yawo a hannun mutane. Wani Bamaguje mai suna Ɗanhausa ne ya sare dajin. 'Ya'yansa suka sayar wa dillalin auduga, dillali ya karye ya sayar wa tsohon soja, soja ya gaji da sauro ya tattara ya koma Funtuwa. Kowanensu sai an shafa fatiha yake jin sauran bayani: ƙasa tasa ce, gini nasa ne, amma ɗorawar tsakiyar fili ta Gwaggo Rakiya ce. A wajenmu ana sayar da gona a bar itace, kuma Ɗanhausa kakanta ne, ya ba ta tun tana goye.

Da kalwar ɗorawar nan Gwaggo take daddawa, da ita ta ci ta sha har ta tsufa. Bazara na yi za ta shigo da kwandonta, sallama ma sai ta ga dama.

Sai ga Alhaji Sadiƙ, mai gidan na yanzu. Ya taɓa zuwa kwas Denmark, ya ga wani gidan gona da ciyawa shimfiɗe har bakin ruwa, shi ke nan muka shiga uku da labari. Wai ɗorawa ta tare masa ganin tafki, sai an sare. Ya tura mai unguwa, ya tura liman, Gwaggo ta ba kowa daddawa ta sallame shi. Dole ya zo da kansa ya durƙusa.

"Gwaggo, a can fa wanda ya sayi gida ya sayi komai."

"To ka koma can mana, Alhaji. Ni na riƙe ka?"

Ya yi dariya ya ce shi ke nan, zai jira ya daidaita da magadanta. Mu da ke wurin muka sunkuyar da kai. Shi baƙo ne, bai san duk abin da Gwaggo ta haifa ta binne shi da hannunta ba.

Gwaggo ta ce, "Ba ni da su, ɗan nan. Ɗorawar nan ce ta rage min. Ku shaida, bayan raina na ba shi ita. Amma Alhaji, ranar da gatari ya taɓa ta, ban yafe ba."

Gwaggo ta rasu bara. Har yau Alhaji bai ga ruwa daga tagarsa ba, kuma ko reshe wani ya kama, shi ke fara ihu.