Tiyub Ɗin Matata

Ni mai faci ne a bakin tashar Yendi, kuma a sana'ata ban taɓa yarda wani ya gyara mini magana ba. Ka kawo mini taya ka ce ba ta facuwa, sai mu yi faɗa.

Matata 'yar Salaga ce. Shekara shida muna zaune ko ɓari ba ta yi ba, sai a 1987 ta ce wata biyu ba ta ga al'adarta ba. Kai, ranar har dawar tuwo na saya wa maƙwabta! Ba a yi sati uku ba ta faɗi a bakin murhu, ta riƙe gefen mara, leɓenta ya yi fari fat.

A asibiti likita ya yi ta Turanci, wata nas tana juya mini da irin Hausar zango.

"Baba, ciki ya zauna cikin tiyub. Tiyub ya fashe."

"To a yi faci mana! Ramin babba ne?"

Ta dube ni ba ta yi dariya ba, ta ce in dangwala hannu a takardar tiyata, jini yana zuba a cikin matata. Na dangwala. Na zauna kan benci da hannuwan nan nawa masu baƙin mai, ba abin da za su iya.

Da aka fito da ita daga tiyata nas ta ce, "An cire shi." Ni duk zatona cikin take nufi. Ashe tiyub ɗin ne gaba ɗaya. Ban tambaya ba, wai ni gwanin tiyub. Da matata ta farfaɗo na ce mata, "Cikin ya tafi, amma an yi faci. In faci ya kama ai ya fi sabo ƙarfi." Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa.

Ta riƙe maganar nan shekara bakwai. Saiwa mai ɗaci ba irin wadda ba ta sha ba, rubutu kuwa kwano-kwano. Duk wata ta ƙirga kwanaki, duk wata ta wanke tsummanta. Ana cikin haka mahaifiyarta ta rasu a Salaga.

Daga baya muka ji akwai likitan mata a Bawku, muka hau mota. Aka yi mata hoto, likitan ya ɗaga shi ya nuna mana: ashe tiyub biyu ne hanyar mahaifa, na dama babu shi, na hagu ya toshe tun tuni, ko an buɗe da wuya ya yi aiki. Na tashi da masifa na ce ƙarya ne, an yi faci. Ya ce ba a faci a nan.

Muka hau motar dawowa har muka wuce Walewale. Sannan ta ce, tana kallon hanya:

"Maigida, ban ce laifinka ba ne. Amma da na sani tun ran nan, da na yi kukana a cinyar Inna tun tana da rai."