Kujerar Bayan Direba

Ranar Asabar, 7 ga Satumba, 1996, Merv Sandvold ya fara ɗora ido a kan Wade Prokopetz. Merv shi ne direban bas ɗin ƙungiyar hoki ta matasan garin Kelvern, wasan da ake yi da sanduna a kan ƙanƙara, kuma da safiyar nan yana tsaye a ƙofar ɗakin wasa yana jiran a gama loda kaya a kama hanya. Sai ga wani zanƙalelen yaro mai fatan-fatan kunnuwa ya rungumo jakunkuna da damin sanduna, ya tsaya gabansa yana haki.

"Ina zan sa su, ranka ya daɗe?"

"Ranka ya daɗe yana ofis," in ji Merv. "Ni Merv ne. Jakunkuna a ƙasa, sanduna a sama. Ka karya wa manya sanda ɗaya su karya maka wuya. Daga ina aka kwaso ka?"

"Gonarmu tana can arewa, hayin kogi. Alkama da shanu."

"Ai na ga alama. Tafiyarka ma ta mai kora shanu ce. Shiga ka zauna nan bayana."

Shekarar Wade goma sha bakwai a lokacin, mai tsaron baya ne, kuma an sauke shi a gidan wata dattijuwa, Olga Demchuk, kamar yadda ake raba 'yan wasa gidajen mutanen gari. Kujerar da Merv ya nuna masa ba karamci ba ce. A bas ɗin ƙungiya wurin zama shi ne matsayi. Sabbin shiga suna gaba, kusa da koci da sanyin ƙofa, su ne masu loda kaya da kwashe shara. Kowace shekara mutum yana matsawa baya. Doguwar kujerar ƙarshe kuwa, wadda ake miƙe ƙafa a kanta, ta kyaftin ce shi kaɗai. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma Merv bai taɓa ganin wanda ya taka shi ba.

Ta madubin da ke saman kansa Merv ya riƙa kallon yaron yana girma. A shekarar farko yana jin numfashinsa a ƙeya. A ta biyu ya koma tsakiya, ya yi ƙwanji, an cire masa haƙori ɗaya na gaba da sanda. A ta uku ya kai sahun masu karta. Ba gwanin jefa ƙwallo a raga ba ne, amma idan abokin gaba ya ɗaga sanda zai maka faifan robar da ake bugawa a matsayin ƙwallo da ƙarfi, Wade ne ke kwantawa a kan ƙanƙara ya tare da jikinsa. Ƙwaurinsa kullum a kumbure. Da kakar 1999 ta kama, 'yan wasa suka zaɓe shi kyaftin ba hamayya, Olga ta ɗinka masa harafin C, alamar kyaftin, a ƙirjin riga, ya je ya miƙe ƙafa a kujerar ƙarshe.

Abu ɗaya ya bari a hanya. A shekararsa ta ƙarshe a sakandare tafiye-tafiye sun cinye masa Juma'o'i da Litinin-Litinin, ya ci komai ban da lissafi. Ya sake zama jarrabawar, ya sake faɗuwa. Daga nan ya jefa littafin ƙarƙashin gado, ya kama aikin safe a wurin sayar da katako, da rana kuma atisaye. Babu takardar gama makaranta, kuma ba wanda ya tambaye shi ita muddin yana tare ƙwallo.

Amma wasan matasa yana da iyaka. Kakar da mutum ya cika ashirin ita ce ta ƙarshe, ko shi waye. Merv ya ga da yawa sun sauka daga bas ɗinsa a watan Maris da jaka a kafaɗa, ba su san inda za su dosa ba. A watan Oktoba wani mutum daga wata jami'a ya zo ya kalli wasa biyu, ya tare Wade a bakin ƙofa. Suna son mai tsaron baya irinsa, za su ɗauki nauyin karatunsa. Sharaɗi ɗaya ne: ya ci lissafin nan a jarrabawar ƙarshen Janairu, domin a Fabrairu suke rufe ɗiban mutane.

Wade ya zaro littafin ya karkaɗe ƙura. Wata malama da ta yi ritaya ta yarda ta riƙa duba shi ranar Talata da yamma, amma ta gaya masa gaskiya cewa wannan ba zai isa ba. Lokacin da ya rage masa a duniya shi ne na cikin bas, tafiyar rabin yini zuwa garuruwan da ake wasa. Ya gwada a kujerarsa. Bayan bas tsalle yake yi a kan kowane rami, ga ihun 'yan karta, ga warin safa. Kafin ya gama shafi ɗaya amai ya taso masa, aka miƙo masa leda ana shewa.

Abin ya zo daidai da lokacin da ƙungiyar ke cin wasa a jere. Idan ana cin wasa a jere ba a taɓa komai. Merv dole ya sa koriyar hularsa, ya kunna kaset ɗin nan dai guda, ya tsaya a gidan man da aka tsaya wancan karon ko tanki a cike yake. Wanda ya fi kowa riƙo da wannan shi ne Dwight Lavallee, ɗan wasan gaba, mataimakin kyaftin, kuma aminin Wade tun shekarar farko. Safarsa ba ta ga ruwa ba tun farkon Oktoba.

Wata Juma'a a tsakiyar Nuwamba, bas ya fita gari ke nan, Merv ya hango Wade ya miƙe daga can ƙarshe, littafi a hammata, yana tahowa yana dafa kujeru. Hayaniya ta riƙa mutuwa sahu-sahu. Ya tsaya kan sabon shigan da ke bayan direba.

"Don Allah ɗan matsa jikin taga."

Yaron ya matsa kamar an ɗora masa wuta. Wade ya zauna, ya buɗe littafi a gwiwa.

"Kyaftin!" Dwight ya kwarara kira daga baya. "Ɓatan hanya ka yi? Bayan gida yana nan wajenmu!"

"A nan bas ba ya tsalle," in ji Wade, bai waiwaya ba.

"To farfesa, idan ka gama ka lissafa mana yawan ƙwallayen da za a zura mana yau!"

Aka kwashe da dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Koci Gord Thiessen, wanda ke kujerar gefe, ya leƙo ta saman jarida ya koma. Merv ya yi magana ƙasa-ƙasa, idonsa a kan titi.

"Ka san abin da ka taɓo kuwa, ɗan nan?"

"Na sani, tsoho. Tuƙa kawai."

Ranar aka ci su. Washegari ma aka ci su. Mako na zagayowa aka sake lallasa su a garin da ba su taɓa faɗuwa ba. A shagon shayi na bakin titi manoma sun bar zancen farashin alkama sun koma na kujerar kyaftin. Wani ya rubuta masa "ɗan aji ɗaya" a jikin hular kwano. Hatta Olga, tana zuba masa ɗumamen kabeji da nama, sai da ta ce ita dai ba ta yarda da camfi ba, amma me zai rage shi in ya koma wurinsa? Wade ya cinye abincinsa ya yi godiya. A bas kuwa bai fasa ba. Merv yana jin ƙarar fensirinsa, da tsakin da yake ja idan amsa ta ƙi fita, da yadda yake sake farawa daga sama. Merv bai san komai a lissafin nan ba. Abin da ya iya shi ne ya zare wayar lasifikar gaba, kaset ya ci gaba da yi wa na baya waƙa, gaba kuma ta yi shiru.

A farkon Disamba, ana loda kaya, Dwight ya tare ƙofar bas. Sauran suka taru a bayansa, kowa na fitar da tururi ta baki. Koci ya tsaya nesa kaɗan, hannu a aljihu.

"Wade, ba wasa nake ba yau," in ji Dwight. "Kujerar kyaftin ba ta zama babu kowa. Tun da ka tashi ba mu ga daidai ba. Wannan kakar ita ce ta ƙarshe gare ni, kamar yadda take gare ka. Ni ba wata jami'a da ke jirana. Kofin nan shi ke nan abin da nake da shi."

"Gaskiya ka faɗa," in ji Wade.

"To ka koma."

"Ba zan iya karatu a can ba, Dwight. Na gwada, a gabanka na yi amai."

"To ka bar karatun sai bazara mana!"

"Bazara babu gurbi."

Koci ya yi gyaran murya. "Ni ban damu da inda kowa ke ajiye gindinsa ba. Amma ƙungiya ta rabu biyu, kuma kyaftin ne ke ɗinke ta. Ka san yadda za ka yi."

Wade ya cire safar hannu da haƙori, ya laluba aljihu. Ya fito da harafin C, da guntayen zare a gefensa. Ashe tun da safe ya sa Olga ta farke ɗinkin, tana yi tana faɗa. Ya kama hannun Dwight ya danƙa masa.

"Kujerar ta kyaftin ce, ba ta Wade ba. Ga shi, je ka zauna. Kujera ta samu mai ita, ba wanda ya karya al'ada."

Dwight ya kalli abin da ke tafin hannunsa kamar garwashi. "Kai mahaukaci ne? Ni ba wannan na ce ba. Shekara huɗu kana kwanciya gaban ƙwallo saboda wannan!"

"Zan ci gaba da kwanciya. Matsa, sanyi nake ji."

Ya raɓa shi ya shiga, ya zauna a bayan direba. Merv ya daɗe yana gyara madubin da ba abin da ya same shi. Da ya saci kallo, ya ga littafin a buɗe amma Wade ba shi yake kallo ba, idonsa na kan filayen da ƙanƙara ta rufe. Sai da suka wuce gidan mai sannan fensir ya fara motsi.

Ranar ma an ci su, abin da ya bar masu camfi ba bakin magana. Wasan da ya biyo baya suka ci. Haka aka yi ta yi, yau fari gobe tsumma. Wade ya riƙa fita fili da inuwar harafi a ƙirjin rigarsa, inda yadin bai koɗe ba, 'yan kallon wasu garuruwa suna yi masa eho a kai. Idan alƙalin wasa yana son magana da kyaftin, Wade yakan taka ƙafa ɗaya sannan ya tuna, ya ja baya.

Jarrabawar ta faɗo ranar Talata, 25 ga Janairu, 2000, cikin sanyin da ke daskarar da gashin hanci. Wade, wanda kansa ya cika da lissafi, ya manta bai jona injin motarsa da wutar gida ba kafin ya kwanta, kamar yadda ake yi don kada sanyi ya daskarar da shi, kuskuren da ko yaro a Kelvern ba ya yi. Da safe motar ko tari ba ta yi ba. Olga ta kira Merv. Ƙaramar motar Merv tana gareji, sai ya fito da bas ɗin dungurungum. Da Wade ya shiga ya ji wani wari da ya sani. Can ƙarshe Dwight ne a miƙe, ƙafafu a sama.

"Me kake yi a nan?"

"Kyaftin ba ya barin kujerarsa babu kowa," in ji Dwight. "Kuma na sa maka safar. Wadda ba a wanke ba. In ka faɗi bayan wannan, to daƙiƙancin naka na gado ne."

"Tsoho, buɗe taga don Allah."

"A sanyin nan? Shaƙi abinka, sa'a ce," in ji Merv, ya ja mota.

Wade ya ci jarrabawar, da ƙyar, kamar mai tsallake rafi ya jiƙa dunduniya. Ƙungiyar ta kai zagaye na biyu na neman kofi aka fitar da ita. Dwight ya so ya mayar masa da harafin kafin wasan ƙarshe, ya ƙi karɓa.

A watan Satumba Wade ya shiga jami'a, ya buga musu shekara huɗu, ya fito da digiri a fannin noma. Yanzu yana aiki da manoman yankin arewa, yana ba su shawara kan iri da ƙasa, yana kuma riƙe da gonar mahaifinsa. Yana da mata da 'ya'ya mata biyu, ƙaramar mai tsaron raga ce. Gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa sosai. Dwight yana tuƙa motar share ƙanƙara a kan babbar hanya, kuma shi ne babban abokin ango a bikin Wade. Merv ya ajiye tuƙi a 2008. Har ya bari, a wasu shekarun akan sami babba ɗaya ko biyu da ke dawowa kujerar bayansa da littafi, a wasu shekarun kuma babu kowa. Wayar lasifikar gaba dai bai sake jona ta ba.