Zanen da Na Bari a Motar Baba

Shekarar da na gama bautar ƙasa ban samu aiki ba, sai na sayi ƙaramin injin goge fenti, na riƙa koyo a kan wata tsohuwar ƙofar mota da na samo wurin 'yan gwangwan. Ba zan ce na ƙware ba. Abu ɗaya dai na riƙe: a saman launin mota akwai wani siririn shafi marar launi, shi ke ba ta sheƙi, shi ke kare ta daga rana. Zanen nan mai zagaye da ake gani kamar saƙar gizo-gizo idan rana ta haska, a jikin shafin yake. Inji ba cike zanen yake yi ba, cin shafin yake yi har ya sauko daidai da zurfinsa. Abin da ya ci kuwa ya tafi ke nan.

Motar Baba baƙa ce, ta hannu, ya saye ta da ya yi ritaya. Kullum da safe sai ya fito ƙofar gidanmu a Unguwar Dosa da busasshen tsumma, ya bi ta da guga, ƙura na kanta, hannunsa na zagayawa. Na kawo masa bokiti da lallausan tawul, ya gode, ya ba Umma tawul ɗin. Na taɓa goge motar da inji, na sake gogewa, kowane karo zanen ya dawo.

Da bikin ƙanwata ya matso, aka ce a motar za a kai amarya.

"Injiniya," in ji Baba. Haka yake kirana in yana jin tsokana, ko da yake ba abin da na karanta ke nan ba. "A fito da injin nan. Ina so dangin ango su ga fuskarsu a jikinta."

"Baba, ina ganin kamar shafin saman ya yi siriri. Wataƙila. Ba ni da abin aunawa, kuma ban san ko an taɓa goge ta kafin ka saya ba."

"Ya yi siriri ko bai yi ba?"

"Zai iya yiwuwa ya yi."

"To zai iya yiwuwa bai yi ba. Jami'a dai ta koya maka kewaye-kewaye."

Gaskiyata ce na faɗa, ban sani ba. Amma a wurin Baba, wanda ya yi shekaru yana sa hannu a takardun ofis, magana in ba i ba ce to a'a ce, ni kuma ban ba shi ko ɗaya ba.

Na yi aikin a inuwar darbejiya. Na ɗauki soso mafi laushi da man da ya fi rashin kaifi, na rage gudun injin, na liƙe gefen bonet da bakin ƙofofi da tef, don nan shafi ya fi siriri. In na goge wuri kamar faɗin faranti sai in tsaya, in taɓa da bayan hannu ko ya yi zafi, in haska tocila. Ƙananan zane sun fita. Masu zurfi na bar su da gangan, musamman a bonet da rufi.

Baba ya fitar da motar rana, ya zagaya, ya sunkuya.

"Wannan fa?"

"Na bar shi ne, Baba. In na bi shi zan iya cin..."

"Rabin aiki dai ke nan."

Na je wurin Umma ko za ta sa baki. Tana tsakiyar kayan gara, ta ce, "Kai da ubanka ku ƙarata, ni bar ni da abin da ke gabana."

Washegari Baba ya kai motar wurin wani mai fenti a Unguwar Shanu, wanda ya ce masa kafin la'asar an gama. Ta dawo kamar madubi, ba zane ko ɗaya. Ranar kai amarya kowa sai ya yaba, har wani kawunmu ya dafa kafaɗata ya ce Allah Ya yi wa hannuna albarka. Ya ɗauka aikina ne. Idona na kan gefen bonet, inda wani ɗan wuri ya dushe kamar an shafa toka.

Har yau ba zan rantse cewa gugar mutumin ce kaɗai ta jawo ba. Nawa injin ma ya ci rabonsa a baya, rana kuma ba ta raga wa baƙar mota. Amma damina na wucewa rufin ya fara fari-fari, sannan ya soma ɓarewa kamar fatar albasa.

Wata safiya Baba ya kira ni waje. Ya sa farce a bakin wurin, shafin ya ɗago, ya biyo yatsansa.

"Injin naka zai gyara wannan?"

"Babu abin da ya rage da zai goge, Baba. Sai dai sabon fenti."

Ya daɗe yana murza ɓawon tsakanin yatsunsa. Sannan ya miƙo mini makulli ya ce in matsar da motar inuwa.