Matakalar Gidan Monjiya

Monjiya ta tsufa a ɗakin wanki na wani asibiti a Safakis, tana gugar zannuwan gado har tururi ya cinye mata gira. Da aka mayar da wankin wani wuri ta ajiye aiki, ɗakin ya zauna a kulle yana warin sabulu. Daga baya asibitin ya buɗe shi, aka yi fenti, aka zuba tebura, aka ce matasa masu ƙirƙira su zo su raini ƙananan kamfanoninsu kusa da likitoci. Cikin waɗanda aka ɗauka har da autarta Sirin, injiniya, mai haɗa wani abu kamar agogon hannu. Yana sauraron zuciyar tsoho, in bugunta ya rikice sai wayar danginsa ta yi ƙara.

Monjiya ta yi guɗa. Yayyen Sirin biyu sun daɗe da haye teku. Kowanne ta watsa masa ruwa a bayansa a bakin ƙofa don ya dawo, ruwan ya bushe, ba su dawo ba. Amma ita Sirin asibiti ya kama ta, kuma a sanin Monjiya wanda ya shiga asibiti aiki sai da furfura yake fita.

Takan kai wa matasan kuskus da kifi, ta tsaya daidai inda teburin gugarta yake a da.

"Umma, miƙo hannu," in ji Sirin wata rana. "Tsofaffi muke nema mu gwada."

"Uwarki ce tsohuwa," ta ce, ta miƙa.

Dakta Lutfi, likitan zuciya mai kula da matasan, shi ya fahimtar da ita, bakinsa cike da kifinta. "Inna Monjiya, nan fa ba wurin zama ba ne. Raino muke yi. Kamfanin da ya tsaya da ƙafarsa sai ya tashi, a ba wani teburin."

"Ya tashi ina?"

Ya sunkuya yana tsince ƙaya.

Wasu mutanen Faransa suka zo, suka yaba, suka tafi da kamfanin har da mai shi. Monjiya ta sake watsa ruwa. Agogon dai ya zauna a hannunta.

Da fari Sirin na kira kullum, daga nan sai Juma'a, daga nan sai in ta samu sarari. Wata la'asar hadari ya taso daga teku, Monjiya ta hau rufi da sauri don ta kwashe shanya. Ba ta kai ga igiya ba wayarta ta ɗauki ruri.

"Umma! Me ya faru? Zuciyarki na gudu!"

Ta tsaya tana haki, muryar na shigarta kamar ruwan sanyi.

Tun daga ranar, da la'asar ta yi sai ta hau matakala ta sauko, ta sake hawa, har wayar ta yi ƙara. Takan ce ba komai, sai ta tambayi abin da yarinyar ta ci, ko akwai rana a can, ko gashinta ya ƙara tsawo.

Wata rana Sirin ba ta firgita ba.

"Umma, hawa nawa yau?"

"Ke, ni kike wa titsiye?"

"Dakta Lutfi ya ce gwiwoyinki za su riga zuciyarki lalacewa. Don Allah ki daina. Gobe ni zan kira, ba sai kin hau ba."

Washegari Monjiya ta yi la'asar, ta haɗa shayi da na'ana'a, ta zauna a kan matakin farko da wayar a cinyarta. Inuwa ta rarrafo ta rufe ƙafafunta. Ta ɗaga kai ta dubi matakalar har ƙarshenta, ta dafa gwiwa, sannan ta janye hannun, ta ci gaba da jira.